Yadda zaka sa kod ɗaya na C ya yi aiki a Windows da Linux da #ifdef

Kafin kompaila (manhajar da ke juya kod zuwa furogiram, kamar gcc) ya taɓa fayil ɗinka na C, preprocessor ne yake fara bi ta kansa, duk layin da ya fara da # nasa ne. Shi fa bai san C ba sam, yankan rubutu da mannawa kawai ya iya, abun da ya yanke kuma kompaila ko ganinsa bazai yi ba.

Ace kana so furogiram ɗinka ya jira daƙiƙa 1. A Windows sai ka kira Sleep(1000) daga windows.h tunda shi da milisakan yake lissafi, a Linux kuwa sleep(1) ne daga unistd.h. Maimakon ka ajiye fayil biyu, rubuta haka:

#ifdef _WIN32
#include <windows.h>
#define JIRA() Sleep(1000)
#else
#include <unistd.h>
#define JIRA() sleep(1)
#endif

Ma'ana, in akwai sunan _WIN32 a ɗauki ɓangaren sama, in babu a ɗauki na ƙarƙashin #else. Shikenan, duk inda kake so sai ka ce JIRA(); kawai. Wannan _WIN32 ɗin ba kai zaka saka shi ba, kompaila ne yake zuwa da shi a Windows, kuma kar 32 ɗin ta ruɗe ka, har a mai 64-bit yana nan. Linux na da __linux__, Mac kuma __APPLE__.

Kai ma zaka iya ƙirƙirar naka. Ka kewaye printf ɗin da kake bin kuskure da su tsakanin #ifdef DEBUG da #endif, ranar da kake buƙatarsu sai ka buga gcc -DDEBUG main.c, in baka sa -D ɗin ba sun ɓace kamar ba'a taɓa rubuta su ba.

To ga inda mutane suke faɗawa rami. #ifdef ba ruwansa da abun da ke cikin sunan, tambayarsa ɗaya ce, akwai shi ko babu? Wani sai ya rubuta #define DEBUG 0 yana ganin ai ya kashe, amma saƙonnin suna ta fitowa ya rasa dalili har ya fara zargin kwamfutarsa, alhali #if DEBUG ya kamata ya yi amfani da shi, shi ne yake duba lambar. Sai dai shi ma #if yana da nasa halin, in ka yi kuskuren harafi ka rubuta DEBGU zai ɗauke shi 0 ya wuce shiru abunsa, don haka ka dinga ƙara -Wundef gcc ya ja kunnenka.

In ka rikice kan wane ɓangare aka ɗauka, buga gcc -E main.c kaga ainihin abun da ya isa wajen kompaila. Zai yi tsawo sosai saboda fayilolin #include, gangara can ƙasa, naka yana wajen.

Ni dai bana son #ifdef a warwatse cikin kowane fankshin, gara a tara su a fayil ɗaya na .h. Kuma dan Allah ka dinga kompailin ɗin ɓangarorin biyu lokaci zuwa lokaci, don na Windows zai iya shafe watanni da kuskure a ciki kai kana Linux baka sani ba.