Yadda Baƙo Zai Saba da Abincin Koriya ta Kudu Ba Tare da Ya Afka wa Naman Alade Ba

Yaranmu da ke zuwa Koriya ta Kudu karatu ko aiki, a harkar abinci kashi biyu suke rabuwa. Akwai wanda tsoro ke sa ya koma burodi da ƙwai da ayaba, safe da rana da dare, har wando ya fara zame masa. Akwai kuma mai cewa ai ido ba ya ƙarya, in ya leƙa kwano bai ga tsoka ba sai ya yi bisimilla. Dukansu abu ɗaya ne ya kayar da su: ba sa iya karanta abin da aka rubuta, kuma ba su san tambayar da ake yi wa mai abinci ba. Zancen yaji da warin kimci, tsimammen kabejinsu, da ake tsorata mutane da shi tun daga gida ƙaramin abu ne, wanda ya tashi da attaruhu ba barkonon Koriya ne zai sa shi kuka ba.

Tun kafin ka hau jirgi, cire kilishi da dambun nama daga jaka. An hana shigo da nama da duk abin da aka yi da nama, ana bincike a filin jirgin Incheon, kuma tarar ba ta wasa ba ce. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji su ne abin ɗauka, a ƙulle su da kyau, kuma ka bayyana su a takardar kwastan in ka sauka don a duba.

Mataki na farko: koyi baƙaƙensu

Kada ka ce sai an fara ajin koyon harshe. Rubutunsu, Hangul, baƙaƙe da wasulla 24 ne ginshiƙinsa a yau, Sarki Sejong ne ya sa aka tsara shi, aka fitar da shi ga jama'a a 1446, da niyyar talaka ma ya iya karatu. Wanda ya haddace alif, ba, ta yana yaro zai iya haɗa waɗannan cikin mako guda. Ba sai ka fahimci jimla ba. Kalmomi kaɗan kake so idonka ya gane da zarar ya gan su: 돼지고기, wato naman alade, ana furta shi kamar "tweji-gogi", 햄, wato "hem", naman alade da aka sarrafa aka yayyanka, 돈지 ko 라드, kitsensa, 젤라틴, jelatin ɗin da ake sa wa a alewa mai danƙo da wasu kayan zaƙi, sai 주정, sinadarin barasa da ake ɗan ɗiga wa wasu kayan miya na kwalba. Duk inda ka ga gaɓar 돈, wato "ton", a sunan abinci, ka tsaya ka duba, galibi alade take nufi.

Manhajar Papago tana fassara hoto, kuma ta fi sauran iya harshen Koriya, ka sauke ta. Amma wanda ya dogara da waya kaɗai zai gaji, domin ba za ka tsaya ɗaukar hoton kowane biskit a kanti ba alhali mutane na jira a bayanka.

Ga hanyar da ta fi sauri a kayan leda. Juya bayan ledar, ka bar dogon jerin kayan haɗin, ka nemi ɗan layin da ke ƙarewa da 함유, sau da yawa an yi masa launi daban. Doka ce ta tilasta wa kamfanoni rubuta abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, kuma naman alade na cikin jerin. In ka gan shi a wannan layin, mayar da kayan. Akwai wata jimla daban da ke cewa an yi kayan a masana'anta ɗaya da ake sarrafa abu kaza da abu kaza. Wannan ba yana nufin an zuba a ciki ba, sai mutum ya ga iya inda zuciyarsa ta kwanta. Ka riƙa dubawa ko da abin da ba ka zata ba, har ɗan ƙunshin shinkafa mai kusurwa uku da kifin gwangwani da ake sayarwa a kantunan unguwa irin su CU da GS25. Taliyar leda kuwa, ramyon, a nan aka fi faɗawa: irin wadda ka saba gani da tambarin halal a wata ƙasa, ta cikin Koriya na iya zama da haɗi daban ko da suna da hoto ɗaya ne. Tambarin da ke jikin ledar da ke hannunka shi ne abin dubawa.

Mataki na biyu: romo, inda kowa ke zamewa

A nan zan daɗe, domin a nan na fi ganin mutane na kuskure. Sabon zuwa zai shiga gidan abinci ya tambaya ko akwai nama. Matar za ta ce babu, kuma ba yaudararsa ta yi ba. A wurinta nama shi ne tsokar da ake gani a faranti. Siririn yankan hem da ke cikin kimbab, naɗin shinkafa da ganyen teku, ba ta lissafa shi. Ƙashin da aka kwana ana tafasawa aka yi romon da shi, shi ma ba ta lissafa shi. Kitsen da aka soya albasa da shi balle.

Don haka tambaya uku ce, kuma a jere. Ka fara da kiranta yadda suke yi: "sajangnim" ga mai wurin, namiji ko mace, ko "imo" ga dattijuwar da ke hidima, kamar dai ka ce inna. Sai ka ce "tweji-gogi mot mogoyo", ba na iya cin naman alade. Sai "hem ppe juseyo", a cire min hem. Ta ukun ita ce wadda ba a koya wa kowa: ka tambayi "yuksu", wato romon, da me aka yi shi. In ta ce "myolci", ƙananan busassun kifi ne, ka zauna. In ta ɗan yi jim tana tunani, ka yi godiya ka nemi wani abu. Ni shawarata ka sa abokin karatu ɗan ƙasar ya rubuta maka waɗannan a 'yar takarda ka ajiye a bayan waya, saboda lafazin sabon zuwa ba kullum ake gane shi ba, musamman da rana tsaka lokacin da wuri ya cika.

Wasu abinci kuma ba sa buƙatar tambaya, a bar su kawai. Kamjatang, ƙashin bayan alade ne ko da ka ga dankali a kai. Jajangmyon, taliya mai baƙar miya da ake kai wa har gida, da alade ake soya miyar. Mandu, ƙullin fulawa mai ciko, ko an ce na kimci ne ko na ganye, kusan kullum akwai niƙaƙƙen alade a ciki. Sunde hanji ne da jini. Bude-jjige cike yake da naman gwangwani da tsiran alade. Tonkasu sunansa ma ya faɗa maka. Miyar kimci, kimci-jjige, asalinta da alade ake yi, sai dai in an rubuta 참치, wato ta kifin tuna, nan ma ka tambayi romon. Gidan burodi shi ma ba wurin sakin jiki ba ne, suna son ɓoye tsiran alade a cikin burodi mai kama da na zaƙi.

To me za a ci? Teku ta kewaye ƙasar ta ɓangare uku, kuma wannan shi ne sauƙin da Allah Ya yi wa baƙo Musulmi. Nemi gidan gasasshen kifi, 생선구이: a kawo maka kifi guda, shinkafa, miya, da ƙananan kwanonin ganye da ake kira bancan, waɗanda in sun ƙare ana ƙaro su kyauta. Miyar awara mai laushi, sundubu, ka ce ta "hemul", ta kayan teku. Bibimbab, shinkafa da ganyaye da ƙwai, ka ce a cire nama. Kimci kansa kabeji ne da gishiri da barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, babu alade a na yau da kullum. Doenjang, miyar waken suya da aka bari ya ruɓa, ɗan'uwan daddawa ne, hancin Bahaushe ya riga ya san wannan ƙamshin, kuma da ita nake cewa kowa ya fara kafin kimci. Abincin gidajen ibadar 'yan Buda babu nama sam, sai dai gidajen da ke sayar da shi a cikin gari suna da tsada.

Kaza da naman sa na gidajen abinci na gari ba yankan Musulmi ba ne. Haka batun 주정 a cikin gocujang, jan yajin nan mai kauri da ke shiga kusan komai. Waɗannan biyun ka kai wa malaminka tun da wuri ka samu matsaya, kada ka bari sai kana zaune gaban kwano. Ni dai a waje kifi nake ci, nama sai na gida.

Mataki na uku: kafa tukunyarka

Wanda ba ya girki a Koriya, ko dai aljihunsa ya ƙone ko cikinsa. Ka hau jirgin ƙasa layi na 6 ka sauka a Itaewon, ka haura tudun da ke kai wa Babban Masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976. Titin cike yake da shagunan 'yan Pakistan da Turkiyya da Larabawa, akwai daskararren naman rago da na sa da kaji masu tambarin halal, yawanci daga Ostireliya da Birazil, kuma a unguwar akwai shagunan 'yan Afirka masu manja da garin rogo. Ƙungiyar Musulmin Koriya, KMF, mai ba da shaidar halal, a harabar masallacin take. Wanda ke kudu da Seoul ya duba Ansan, unguwar Wongok-dong kusa da tashar jirgi. Ka sayi na wata guda a tafiya ɗaya, ka rarraba a leda ka sa a firiza. Cin abinci a gidajen halal na Itaewon kullum ba na ɗalibi ba ne, a bar shi sai Juma'a.

Shinkafarsu gajera ce mai danƙo. Masu son dafa-duka warara za su yi ta ƙorafi, su sayi basmati da tsada. Ni ban ga dalili ba: wannan shinkafar ba ta da na biyu wurin tuwo, ka ƙara mata ruwa ta yi laushi ka tuƙa, ga miyar kukarka. In barkono bai yi maka ba, nemi ɗanyen congyang, shi ne mai zafinsu. In ɗakin goshiwon kake haya, wato ƙananan ɗakunan nan masu arha da ɗalibai ke kamawa, da yawansu suna ba da dafaffiyar shinkafa da kimci kyauta, amma kicin na kowa ne, don haka ka je Daiso, kantin kayan arha, ka sayi tukunya da kasko da wuƙa da katakon yanka naka, ka riƙa mayar da su ɗaki. Sayayya ta intanet a Coupang ta fi sauƙi in ka samu katin zaman baƙi da lambar waya mai sunanka, katin kuma dole ne a nema cikin kwana 90 da shigowa, kada ka ja ƙafa.

Mataki na huɗu: zama da mutane

Ranar da farfesa ko shugaban wurin aiki ya ce a fita cin abinci tare, abin da suke kira hweshik, kada ka ƙi zuwa. Ƙin zuwa ya fi ƙin ci zafi a wurinsu. Sau da yawa gidan gashin tumbin alade za a je, da kwalaben giyarsu, soju, a kan tebur. Ka gaya wa mai shirya fitar tun da kwana biyu, a keɓe, cewa addininka ya hana ka alade da giya. Da yawa za su canza wuri zuwa gidan kifi ko kaza. Faɗar haka bayan an zauna an kunna gawayi kunyata mai gayya ne. In an zo zuba abin sha, miƙa kofinka a zuba maka "saida", lemo ne fari mai gas, babu barasa a ciki, ka ɗaga tare da kowa.

Sauran ladubban ba su da wuya ga wanda ya tashi a gidan da ake girmama manya. Ba ka fara ci sai babba ya ɗauki cokali. Bayarwa da karɓa da hannu biyu ake yi, ko da dama kana tallafe ta da hagu. Shinkafa da miya da cokali ake ci, tsinkayen ƙarfen na ɗaukar ganye da kifi ne, kuma ba laifi ka nemi cokali mai yatsu. Kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, yana tuna musu da abincin da ake ajiye wa mamata. Ba a ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki. In ka ga takalma a bakin ƙofa, cire naka. Ruwa kai ne za ka ɗebo, cokula suna cikin aljihun tebur ta gefe, kuɗi a bakin ƙofa ake biya, kuma ba a ba ma'aikaci tukuici. Wasu gidajen gashi ba sa sayar da na mutum ɗaya, sai na biyu.

Sai shara. Ragowar abinci ba a haɗa ta da sauran datti, tana da ledarta ko kwandonta daban, ledar kuma ta gundumar da kake ce, ana sayenta a kantin unguwa. Ƙashi da ɓawon ƙwai ba sa cikin ragowar abinci, shara ta gama-gari suke shiga. Ka tambayi mai gida ranakun fitarwa tun daren farko, domin ana cin tara a kan wannan ma.