Darasi na Bakwai: Haƙƙin Ma'aikaci a Kan Mai Injin Casa da Niƙa

A garuruwan noman shinkafa irin su Kura a jihar Kano, da wuya ka bi layi ɗaya ba ka ji ƙugin injin casa ba. Kowane inji yana da mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa: mai zuba shinkafa, mai tarar buhu, 'yan dako, matan da ke gumi da shanya, da yaron da ke kwashe ɓuntu. Wannan darasi na mai injin ne, ko manajan da ya wakilta. Abin da muke so ka riƙe shi ne, lafiyar wanda ka ɗauka aiki tana wuyanka muddin yana bakin aikinka. Safar hannu da ruwan sha da kuɗin asibiti ba alfarma ba ce kake yi masa. Suna cikin kuɗin gudanar da sana'a, kamar man dizal da kuɗin haya.

Abin da doka ta ɗora maka

A Nijeriya dokoki uku ne suka fi shafar wannan magana: Dokar Masana'antu, Dokar Ƙwadago, da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010. Dokar Masana'antu ta ce a killace duk wani sashe na inji mai haɗari, a samar da iska da haske, da ruwan sha mai tsabta, da wurin wanke jiki, da akwatin taimakon gaggawa. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, kuma yana da kwana 1 na hutu a cikin kowane kwana 7. Idan likita ya tabbatar ba shi da lafiya, za ka biya shi har na kwanakin aiki 12 a shekara. Yaron da bai kai shekara 15 ba, dokar ta hana a sa shi aiki a masana'anta.

Bel da fuli

A nan ne mummunan rauni ya fi faruwa, saboda haka za mu daɗe a kansa. Bel yana gudu fiye da yadda hannu zai iya janyewa. Wurin da ya fi haɗari shi ne daidai inda bel ke hawa kan fuli, wato ƙafar ƙarfen nan mai juyawa da bel ke zagaye. Duk abin da ya taɓa wurin, inji zai ja shi ciki: hannun riga, bakin rawani, gefen mayafi ko hijabi, igiyar ɗaurin buhu. Mace ta sunkuya ta gyara kwaryarta kusa da bel, iska ta kaɗa gefen mayafinta, kafin a kai hannu ga makashin inji ya riga ya naɗe mata a wuya.

Gyaran ba shi da tsada. Ka kira mai walda ya yi wa bel da fuli keji na ƙarfe da raga, ya rufe su ta gaba da ta sama da ta gefe. Ramukan ragar su zama ƙanana yadda yatsa ba zai kai ga bel ba. A ɗaure kejin da noti, kada a jingina shi kawai. Abin da yakan ɓata wannan shiri shi ne, ranar da bel ya tsinke a cire keji a sa sabo, sai a ce za a mayar da shi an jima, daga nan ya zama wurin rataye riga. Ka kafa doka: ba a tayar da inji sai keji yana wurinsa.

Masu kawo niƙa da casa su tsaya bayan layi. Ka ja layin da fenti a ƙasa, ko ka gitta katako, kamar taki biyu daga inji. Mai aiki a kan inji ya sa riga mai kama jiki da gajeren hannu.

In inji ya cushe, kada kowa ya cusa hannu yana tafiya. A kashe, a jira ya tsaya cak, sannan a buɗe. In na lantarki ne, wanda zai yi gyaran ya cire fiyus ko ya kulle akwatin wuta da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Dalili kuwa: sau da yawa wani ne daban yake shigowa, ya ga an kawo wuta, ya kunna, bai san akwai hannun mutum a ciki ba.

Ƙura

Raunin bel ana ganinsa nan take. Na ƙura sai a hankali, shi ya sa ake raina shi. Ƙurar ɓuntu da ta garin hatsi suna shiga huhu su jawo tari, da shessheƙa, da asma, da ƙaiƙayin ido. Hatsin da ya yi fumfuna ƙurarsa ta fi cutarwa.

Masu inji da yawa suna sayo takunkumi su ce sun sauke nauyi. Takunkumi shi ne matakin ƙarshe. Na farko shi ne a hana ƙurar taruwa. A fitar da bututun ɓuntu waje, bakinsa ya kalli inda iska ke tafiya, ba ƙofar shago ba. A buɗe taga a bango biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. In da hali a sa fanka mai zuƙo iska waje a saman inda ƙura ta fi tashi. Kafin shara a yayyafa ruwa kaɗan, domin busasshiyar shara tana mayar da ƙurar jiya cikin hancin mutane.

Bayan wannan sai takunkumi. Hankici ko bakin rawani ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura. A nemi mai lamba N95, a matse ɗan ƙarfen da ke kan karan hanci, a sa igiyoyinsa biyu. In ya jiƙe da gumi, ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, a canza. Kai za ka saya, ba za a cire daga kuɗin ma'aikaci ba. Wanda tarinsa ya kai mako 2, a tura shi asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke wannan aiki.

Ƙara da zafi

Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Ka tsaya nesa da mutum tsawon hannu ɗaya. In sai ka ɗaga murya sannan zai ji ka, ƙarar ta kai inda take cin kunne, wato wajen ma'auni 85 na ƙarfin sauti. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma alamarsa ta farko ita ce kunne ya riƙa ƙara bayan an tashi aiki. A fitar da janareto ko injin dizal zuwa rumfarsa daban, a gyara salansa, a ba ma'aikata abin toshe kunne na soso. Auduga ba ta wadatarwa. A riƙa musanya mutane, kada mutum ɗaya ya wuni a bakin inji. Fitar da janareto waje yana da wani amfanin: hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.

A watannin Maris zuwa Mayu, shago mai rufin kwano yakan yi zafin da jiki ba ya ɗauka. A ajiye randa ko jarka a inuwa kusa da masu aiki, su riƙa shan kofi ɗaya kusan kowane minti 20, ba sai sun ji ƙishirwa ba. Lodi da sauke kaya a yi su da sassafe ko bayan la'asar, balle in azumi ya faɗo a bazara. Wanda ya fara jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya rikice ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A ci gaba da sanyaya shi a kan hanyar asibiti.

Buhu mai kilo 100 kuwa ya fi ƙarfin bayan mutum ɗaya, ko da ɗan dako ya ce ya saba. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55. A sayi baro, ko mutum biyu su kama.

Mata masu gumi

Su ma ma'aikatanka ne in kai kake biyan su. Murhun gumi ya zauna a fili, nesa da tarin ɓuntu, tukunya ta zauna daram a kan duwatsu ko ƙarfe. Yara ƙanana su yi nesa da wurin. Dokar Ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana don ta ba da nono.

In tsautsayi ya auku

Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi bandeji, auduga, filasta, almakashi, safar hannu da maganin wanke ciwo. A rataye shi inda kowa ke gani, kada makullinsa ya tafi kasuwa a aljihun manaja. Jini: a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a tafi asibiti, a tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki. Ƙuna: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, ban da man goge baki, ban da ƙwai. In yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai damshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai raunin.

Sai maganar diyya. Dokar 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya yi rajista da hukumar NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Daga aljihunsa kuɗin zai fito, haramun ne a doka ya cire daga albashi. Dokar ta haɗa da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14 da jin rauni, maigida kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7 da aukuwar raunin. In an yi rashin rai, a sanar nan take. Mutane da yawa suna rasa haƙƙinsu don ba a rubuta komai ba. Ka ajiye littafi ɗaya: suna, rana, lokaci, abin da ya faru, waɗanda suka gani, da asibitin da aka je.

Aikin yi

Malam Audu, a misali, yana da ma'aikata 6, kowanne yana karɓar naira 70,000 a wata. Nawa ne jimillar albashinsu? Nawa ne kashi 1 cikin 100 da zai biya a wata?

Ka zagaya wurin aikinka da takarda da biro. Ka rubuta duk bel ɗin da ba shi da keji, da inda ƙura ta fi taruwa, da inda janareto yake. A gaban kowanne ka rubuta wanda zai gyara da ranar da za a gama. Ka zo da takardar aji na gaba.