Yadda Ake Sayar da Kaya ko Sana'a a Kafafen Sada Zumunta

Mai saye a intanet bai ga idonka ba, bai taɓa hajar ya jujjuya ta ba, bai kuma san inda zai same ka idan abu ya ɓaci ba. Duk da haka kana so ya tura maka kuɗinsa. Galibin aikin da ke gabanka shi ne cire masa wannan fargaba, kuma matakan nan a kanta suka ta'allaƙa.

Da farko zaɓi kafa ɗaya ko biyu, kada ka rarraba ƙarfinka. Kayan da ido ke saye, irin tufafi da takalma da kayan kwalliya, Instagram da TikTok suka fi karɓarsu. Kayan da aka riga aka yi amfani da su da manyan kaya masu wahalar aikawa sun fi tafiya a Facebook Marketplace, wanda aka buɗe a 2016, domin mutanen da ke kusa da kai yake nuna wa. Mai sana'a kuwa, ko gyara yake yi ko koyarwa ko zane, aikinsa ne hajarsa, sai ya riƙa nuna yadda abu yake kafin ya sa hannu da yadda ya koma bayan ya gama.

Na biyu, ware wa kasuwancin lambar waya tasa, ka sauke WhatsApp Business. Kyauta ce, tun watan Janairun 2018 take. A ciki akwai kundin kaya da ke ɗaukar har guda 500, kowanne da hotonsa da bayaninsa da farashinsa. Akwai amsoshin da kake rubutawa sau ɗaya ka ajiye don tambayoyin da ake maimaitawa, da alamomi masu launi da za ka bambanta wanda ya yi tambaya kawai da wanda ya biya da wanda kayansa ke hanya. Cika bayanan shafin duka: me kake sayarwa, ƙarfe nawa kake amsa saƙo, wane yanki kake kai kaya. Sunan da ka sa a nan shi za ka sa a ko'ina.

Sai hoto, kuma a nan mutane da yawa ke kashe kasuwarsu da hannunsu. Kada ka ɗauko hoton kamfani daga intanet ka manna. Ɗauki ainihin abin da ke hannunka, da rana, kusa da taga, a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, bayan ka goge idon kyamarar. Ɗauki gaba da baya da ciki, ka ajiye wani abu da kowa ya san girmansa a gefe don a gane tsawo. Idan akwai tabo ko ɗan karce, nuna shi ka faɗa. Wanda ya saya da saninsa ba zai dawo da ƙorafi ba, amma wanda ya buɗe ƙunshi ya tarar da abin da aka ɓoye masa, kafin gari ya waye ya baza labarinka da hoton shaida. Ɗan gajeren bidiyo da kake jujjuya kayan a hannu ya fi hoto goma gamsarwa, musamman wajen launi, tunda kowace waya da yadda take nuna shi.

Rubuta farashi a fili. Na san masu cewa "a biyo ni ta akwatin saƙo" suna da hujjarsu, wai kada abokan gasa su gani. Abokin gasa ai zai aiko wani ya tambaya. Wanda ka rasa shi ne mai saye mai kunya, ko mai sauri, ko wanda ya ɗauka kana duban mutum ne kafin ka yanka masa kuɗi. Haɗa da kuɗin kai kaya, da kwanakin da zai ɗauka, da sharaɗin mayarwa idan bai yi ba.

Wajen yaɗawa, akwai ƙa'idar WhatsApp da ya kamata ka sani. Saƙon bai-ɗaya (broadcast), wato saƙo guda da kake tura wa jerin mutane lokaci ɗaya, yana ɗaukar mutum 256 a kowane jeri, amma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Abin da ka ɗora a status ma sai wanda kuka ajiye lambar juna zai gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saboda haka duk wanda ya yi maka magana, ko bai saya ba, ka roƙe shi ya ajiye lambar. Kada ka jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, kada kuma ka jera hoto talatin a status lokaci guda, shiru za a sa maka ba tare da ka sani ba. Idan wani ya yaba da kayan da ya karɓa, nemi izininsa ka ɗora yabon bayan ka rufe sunansa da lambarsa.

Tallan kuɗi ya biyo baya, ba shi ne farko ba. Bari sai ka ga wane hoto ne ya jawo tambayoyi da kansa, shi za ka sa wa ɗan kuɗi kaɗan na 'yan kwanaki, ka taƙaita shi ga yankin da kake iya kai kaya. Ƙirga saƙonnin da suka zo da cinikin da ya faɗa, ba yawan masu danna alamar so ba.

Ranar biya, kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko saƙon alat ya shigo. Dukansu ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Ka kuma yi hattara da mai cewa ya tura fiye da kima bisa kuskure, a mayar masa da ragowar da gaggawa. Kafin ka rufe ƙunshi ɗauki bidiyonsa, ka tura wa mai shi tare da lambar wanda zai kai.

Abu na ƙarshe, shafin nan aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, kuma ana rufe shafin mutum ko a sace shi kowace rana. Kunna tsaro mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da manhajar za ta nema kafin a shiga shafinka, kuma lambobi shidan nan da ake turowa ta saƙon waya kada ka ba kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake. Sannan ka buɗe littafi ko fayil a wajen manhajar, duk ƙarshen mako ka shigar da sunan kowane kwastoma da lambarsa da abin da ya saya da ranar da ya saya.