Yadda Mai Riƙo Zai Sakar wa Ɗan Riƙonsa Mara Ba Tare da Zumunci Ya Ɓaci Ba

A gidaje da yawa na cikin garin Bauchi, daga Jahun da Bakaro har zuwa Fadaman Mada da Yelwa, za ka tarar da yaro ko yarinya da ke tashi a hannun baffa, ko kawu, ko goggo, ko kaka, saboda rasuwar uba, ko mutuwar auren iyaye, ko kuwa don ƙarfafa zumunci kawai. Sau da yawa zaman yakan tafi lafiya har sai yaron ya kai shekara 17 ko 18, ranar da zai ce yana son karatu a Zariya ko Maiduguri, ko yana son buɗe nasa shagon, ko yarinyar ta nuna wanda take so ta aura. A nan ne mai riƙo yake hango butulci, ɗan riƙo kuma yake ganin takura. Wannan bayani na mai riƙo ne, domin shi ne babba, kuma a hannunsa iko da kuɗi da takardu suke.

Abin da ya kamata ya fara zama a zuciyarka shi ne riƙo amana ce mai wa'adi. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu kula da marayu su riƙa jarraba su har su isa aure, idan an ga shiriya tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu a lokacin miƙawar. Maganar dukiya ayar take yi, amma tsarin da ke cikinta, wato gwaji, sannan miƙawa, sannan shaida, shi ne ya fi dacewa da sauran abubuwan da ake ja-in-ja a kansu, kamar tafiya karatu da sana'a.

Kafin ka ce a'a, ka zauna kai kaɗai ka tantance abin da kake tsoro. Mai riƙo yana ɗauke da tsoro iri biyu: kada wani abu ya sami yaron, da kuma kada dangi su ce ya yi masa riƙon sakainar kashi, ko a ce da ubansa yana raye da haka ba ta faru ba. Wannan na biyun ne yake sa wasu su fi tsananta wa ɗan riƙo fiye da 'ya'yan cikinsu. Ka tambayi kanka ko da za ka bar ɗanka na cikinka, mai irin waɗannan shekaru da irin wannan hali, ya yi abin da ake nema. Idan za ka bar shi, to maganar mutane ce take damunka, kuma maganinta shi ne ka kira manyan dangi a yanke shawarar tare, yadda ba wanda zai ɗora maka laifi kai kaɗai gobe. Idan ba za ka bar shi ba, sai ka ambaci haɗarin da sunansa, ko hanya ce, ko masauki, ko abokan banza, ko shaye-shaye, domin kowanne daga cikinsu yana da matakin da ake ɗauka a kansa. Akwai dalili na uku da ba a cika son faɗa ba, wato amfanin da gida yake samu daga yaron da ke tsaron shago ba albashi, ko yarinyar da girki da raino suke wuyanta. Idan wannan ne ya hana ka, ka san cewa buƙatarka kake karewa, kuma yaron ya riga ka gane hakan.

Zaman da za ku yi

Kada ka yi maganar a tsakar gida a gaban matanka da 'ya'yanka, kuma kada ka yi ta a ranar da rai ya ɓaci. Ka sani cewa kunya za ta hana shi buɗe baki. Zai durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce "To, Baffa," ya tashi, kai kuma ka ɗauka an gama magana, alhali shi a wajensa an rufe ƙofa ne kawai. Saboda haka ka nemi wanda yake sakewa da shi ya fara jin ta bakinsa. Kaka ta fi kowa dacewa saboda wasan da ke tsakaninta da jika, sai goggo ko wani yayansa mai hankali. Idan mahaifiyarsa tana raye, ko da ta yi aure a wani gida ko wani gari, a sanar da ita tun farko, domin duk shawarar da aka yanke a bayan idonta ba ta cika ɗorewa ba.

Idan kun zauna, ka yi tambayoyin da suke da amsa. Ka ce masa, "Na ji kana son tafiya Zariya. Faɗa mini inda za ka zauna, da nawa za ka riƙa kashewa a wata, da wanda ka sani a can." Wanda ya yi tunani a kan tafiyarsa zai amsa, wanda kuma ɗoki ne kawai yake ɗibarsa zai ji da kunnensa cewa bai shirya ba, ba tare da ka faɗa masa ba. Abu ɗaya da ya wajaba ka kiyaye harshenka daga gare shi shi ne gori. Kalmar "ni na ci da kai, ni na sa ka a makaranta" takan zauna a zuciyar ɗan riƙo shekara da shekaru, kuma ita ce ta fi yawan sa yaro ya tattara kayansa ya bar gida ba sallama.

Gwaji

Gwajin ya fara da ƙaramin abu. Maimakon kuɗin mota da na abinci da kake ba shi kullum da safe, ka ba shi na mako guda, daga baya na wata guda, ka ga ko zai kai ƙarshe. Ka tura shi kasuwar Muda Lawal ko Wunti da kuɗin cefanen gida, ya dawo ya yi maka lissafi. Ka aike shi Gombe ko Jos shi kaɗai da wani saƙo, ya kwana wajen dangi ya dawo. Idan ɗan kasuwa ne, ka ware masa wani kaya ya juya da kansa, riba da asara duk nasa. Zai yi kuskure, kuma gara ya yi asarar kuɗi kaɗan yana gabanka da ya yi ta gadonsa gaba ɗaya bayan ba ka nan, don haka kada asarar farko ta zama hujjar rufe maganar.

Sharaɗin gwaji shi ne ya san ana gwada shi, ya san abin da ake dubawa, ya kuma san lokacin da za a sake zama. Ka ce masa bayan Babbar Sallah za a duba, ko bayan sakamakon jarrabawa ya fito, sannan ka cika alkawari. Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa hani ne aka sauya wa suna, kuma yara suna gane shi da wuri.

A batun karatu, mai riƙo da ya ce "me za ka nema a wani gari" yana da abin kamawa. A cikin Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, da harabarta a Yelwa da Gubi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji da ta Abubakar Tatari Ali. A Gadau akwai jami'ar jiha, a Azare akwai kwalejin ilimi, ga kuma Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, waɗanda ana zuwa a dawo a yini guda. Amma ba kowane fanni ake samu a kowace makaranta ba, kuma tilasta wa yaro karanta abin da ba ya so don kawai ya kwana a gida yakan ƙare da ɓata shekaru. Ku cike takardar JAMB tare, ya zaɓi inda ransa yake so a zaɓi na farko, ku sa makarantar kusa a sauran gurabe. Idan a Bauchi ya samu, ka yarda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ko da gidanku yana cikin gari, domin wannan ma mataki ne. Idan nesa ya samu, sharuɗɗanka su zama kaɗan waɗanda za a iya cikawa: kiran waya a ranar da kuka tsayar, wani babba ɗan garinku a can da zai riƙa gaidawa, da hutu a gida. Binciken wayarsa a ɓoye ba ya cikin abin da zan ba da shawara, domin ranar da ya gane, sai ya sayi wani layin.

Hidimar ƙasa, wadda aka fara a 1973, ba abin da za a yi gardama a kai ba ne, tunda wanda ya gama jami'a bai wuce shekara 30 ba doka ta ɗora masa ita, kuma ana neman takardarta wajen ɗaukar aiki. Yadda ake kawo 'ya'yan wasu jihohi sansanin Wailo su yi mako uku kafin a rarraba su, haka za a kai naka wata jihar. Akwai hanyar neman sauyin wuri saboda rashin lafiya, ko saboda aure ga mace, kuma ita ya kamata a bi idan dalilin gaskiya ne.

Wani abu da ake mantawa har sai ya zama matsala shi ne suna. Masu riƙo da yawa, saboda ƙauna, sukan sa wa yaro sunansu a makarantar firamare, sai daga baya takardar haihuwa da lambar NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma su saɓa wa juna. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma gyaran ya fi sauƙi kafin rajistar jarrabawar gama sakandare. Da zarar ya kai 18, ka miƙa masa ainihin takardunsa, ka ajiye kwafi, ya kuma buɗe asusun banki da sunansa. Riƙe takardun yaro don kada ya tafi dabara ce da ba ta haifar da komai sai gaba.

Ga 'ya mace, rikicin ya fi tsanani a kan aure. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, ikon aurar da budurwa ba tare da izininta ba na uba ne, ko wasiyyin da uban ya ba wannan iko. Baffa ko yaya ko wani waliyyi ba shi da shi, sai ya nemi yardarta. Aikinka shi ne bincike a kan addinin manemin da halinsa da sana'arsa da gidansu, sannan ka faɗa mata abin da ka gano ta bakin goggonta, dalla-dalla. Idan kana da burin haɗa ta da ɗanka, ka faɗa a fili sau ɗaya, idan ta ƙi ka bar maganar, musamman idan tana da gado a hannunka, domin dangi za su fassara nacin da wata manufa ko da zuciyarka fes take.

Miƙa dukiya

Idan akwai gona, ko gida, ko shanu, ko kuɗi na marayan a hannunka, to rabin zargin da ke tsakaninku daga nan yake tasowa, ko da bai taɓa furtawa ba. Ka riƙe littafi na musamman da kake rubuta abin da ya shigo na haya ko amfanin gona, da abin da ya fita na makaranta, magani da zakka, kowanne da kwanan wata. Idan ba ka yi haka tun farko ba, ka zauna yanzu da wani dattijo da ya san yadda aka raba gadon, ku rubuta abin da za a iya tunawa. Kada ka haɗa kuɗinsa da jarinka ba tare da rubutu ba. Ayar Nisa'i ɗin nan ta ce mai riƙo mawadaci ya kame daga dukiyar, matalauci kuma ya ci gwargwadon abin da ya dace, saboda haka idan ka taɓa ci saboda buƙata, ka rubuta shi ma. Ka fara nuna masa littafin tun kafin ya tambaya, ka kai shi ya ga iyakar gonar da idonsa, ya san masu hayar gidan.

Ranar miƙawa, a kira mutum biyu adilai, zai fi kyau ɗaya daga dangin uba ɗaya daga dangin uwa, tare da limamin unguwa ko mai unguwa. A karanta lissafin, a miƙa takardun fili da makullai, a rubuta takarda kowa ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Ba dole ne a miƙa komai rana ɗaya ba idan shi da kansa ya yarda ka ci gaba da kula da wani abu, amma daga ranar kai wakilinsa ne, yana da ikon karɓa duk lokacin da ya so. Idan kana ganin har yanzu almubazzari ne shi kuma ya ce ya isa, kada ka zama mai ƙara kuma alƙali. Ku je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku a duba, domin hukuncin alƙali zai wanke ka a idon dangi fiye da duk rantsuwar da za ka yi.

Idan kuwa abin ya riga ya ɓaci, yaron ya yi fushi ya bar gida, kada ka yi masa baki, kuma kada ka hana 'ya'yanka hulɗa da shi. Ka gano inda yake ta hannun abokansa, ka tura goggonsa ko kawunsa su gan shi, su tafi masa da takardunsa na makaranta da kuɗin da yake da hakki a kai. Kada sharaɗin sulhu ya zama sai ya dawo ɗakinsa na da. Ya isa ya zo gaisuwa ranar Juma'a, a sa ranar da za a zauna da manya a kan karatun ko sana'ar da ta jawo saɓanin, a kuma kawo littafin lissafin wajen zaman.