Yadda za ku haɗa tafiyar buɗe ido ta mutum goma sha biyu daga Kumasi

Jama'a duk bayan sallah za ka ga matasan Aboabo da Asawase da Sawaba sun cika manyan bas biyu ko uku, sifika na tashi, an nufi bakin teku, a dawo tsakar dare a gajiye, in ka tambayi mutum me ya gani sai ya miƙo maka waya ka kalli hoto. Ba laifi ba ne shan iska, amma in abin da kuke so shi ne ku ga wuraren tarihi ku hau duwatsun ƙasar nan kuma ku dawo da abin faɗa wa yara, to ku rage yawa. Mutum goma zuwa sha huɗu, mota ɗaya, jagora ɗaya. Ɗakunan da ake shiga a gidajen tarihin nan ƙanana ne, muryar mai bayani ba ta kai wa mutum hamsin, na gaba su ji na baya su yi ta hira, kuma duk tsayawa ɗaya ta fitsari sai ta cinye muku rabin awa.

Maganar kuɗi a gama ta tun a gida. Ku buɗe guruf na WhatsApp, mutum ɗaya mai amana ya riƙe momo, wato asusun kuɗi na waya, a lissafa mota da mai da kuɗin shiga da abinci da ɗan alherin da za a yi wa jagora, a ɗora wani abu a sama saboda taya ko wata larura, a sa ranar rufe biya. Wanda ya ce zai biya a cikin mota ku ba shi haƙuri, don wallahi irin wannan ne ke ɓata zumunci a hanya. Kowa ya riƙo Ghana Card ɗinsa, 'yan makaranta su riƙo katin makaranta, domin kusan ko'ina kuɗin ɗan ƙasa daban da na baƙo, na ɗalibi ma ya fi sauƙi. In da baƙonku daga Najeriya ko Nijar ku faɗa masa tun da wuri kada ya ji abin a bakin ƙofa. In kuma kamfanin yawon buɗe ido za ku ba aikin, ku nemi ganin lasisinsu na Ghana Tourism Authority kafin ku tura ko sidi ɗaya.

Mota kuwa ku je ku gan ta da idonku ana jibi tafiya. A duba tayoyi har da safaya, a duba birki, a ga takardar inshora da ta lafiyar mota a gilashi, a yi magana da direban kansa ba mai motar kawai ba, a shaida masa ba a tafiyar dare kuma ba a ɗaukar fasinja a hanya.

Shawarata ku fara da cikin gari. Da yawanmu an haife mu a Zango, kullum muna wuce Manhyia a trotro ko a pragya, amma ba mu taɓa shiga gidan tarihin fadar ba. Turawan Ingila ne suka gina gidan a 1925 don Prempeh na ɗaya, sarkin Tonawa wato Asante, bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles a 1924, tun 1896 suka kama shi, kuma a 1995 aka mai da gidan wurin ajiye kayan tarihi. Ku tambaya kafin ku ɗaga waya, akwai ɗakunan da ba a ɗaukar hoto. Daga nan sai Kumasi Fort a Adum, inda yanzu yake gidan tarihin sojoji. Nan ne aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900 lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu da ta jagoranci Tonawa, bayan gwamnan ya buɗe baki ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Tonawa ya zauna a kai. A nan nake so ku matsa wa jagora da tambaya, saboda cikin sojojin da ke tsare da ganuwar akwai waɗanda ake kira sojojin Hausa, wato labarin ya shafe mu kai tsaye, da daɗinsa da rashin daɗinsa, kuma gara yaranmu su ji shi a tsaye a wurin da abin ya faru. In lokaci ya rage ku leƙa takobin Okomfo Anokye, babban bokan Tonawa na dā, a harabar asibitin Komfo Anokye, ba ya ɗaukar lokaci.

Rana ta biyu ko wani satin, Bonwire don ganin masu saƙar kente, Ntonso don masu buga adinkra, sai tafkin Bosomtwe da ke wajen kilomita 30 daga gari. Wani dutse ne da ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya ya haƙa ramin, shi ya sa tuddai suka kewaye ruwan ta ko'ina. In kun sauka Abono ku tsaya ku kalli masunta, mutum zaune a kan falankin katako guda, ƙafafunsa a cikin ruwa, yana tuƙi da hannuwansa. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya gwiwa, kuma a sa babba ɗaya aikinsa kawai kallon yara.

Akwai abin da ya kamata a tattauna kafin a tashi. Tsofaffin gine-ginen Tonawa irin na Besease kusa da Ejisu, waɗanda UNESCO ta sa a jerinta a 1980, ɗakunan bautar gargajiya ne, wani lokaci ana zuba giya a ƙasa kafin a shiga. Shugaban tafiya ya je gaba ya gaida mai kula da wurin, ya ce masa mu Musulmi ne, gini da zanen bango muka zo gani, ba za mu shiga wannan ɓangaren ba. Da ladabi ake faɗa kuma suna fahimta, maƙwabtanmu ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya jira a mota, wanda ya shiga kuma ban da dariya ban da nuna abu da yatsa.

To babbar tafiyar ita ce ta Cape Coast da Elmina, kuma don Allah ku kwana. Ku yi asuba ku tashi, ku tsaya Assin Manso tunda a kan hanya take. Nan ne rafin da ake yi wa bayi wanka na ƙarshe kafin a kai su bakin teku, kuma da yawa daga cikinsu daga arewa aka koro su a ƙafa, wasu ta kasuwar Salaga suka biyo. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Ganuwar Elmina, inda aka riƙa tsare bayi, 'yan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Jagora zai tsayar da ku a tsakar gidan mata, ku ɗaga kai ku ga barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓen wadda za a hau masa da ita, a ƙasa ga ƙwallon igwa na ƙarfe da ake ɗaure wadda ta ƙi. Zai nuna muku kurkukun da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, wanda aka sa a ciki ba ya fitowa da rai. Ku ce ya kai ku ɗakin da aka tsare Prempeh, sai abin da kuka ji a Manhyia ya haɗu da wannan. A ganuwar Cape Coast kuma kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake, gangara ce mai duhu, iska ba ta shiga sai ta 'yan ramuka can sama, wari na nan har yau, kuma daidai samansa coci suka yi. Mutum sha biyu za su iya yin shiru tare a wurin nan su saurara. Ku gaya wa matasa tun a mota cewa ba wurin rawa da bidiyon TikTok ba ne, akwai baƙi daga Amurka da Karebiyan da ke kuka a gefenku saboda kakanninsu ta nan aka fitar da su.

Washegari da sassafe dajin Kakum, gadojin igiya guda 7 a saman itatuwa, wajen mita 40 daga ƙasa. Kafin a kai gadar ma akwai hawa, don haka iyayenmu mata da masu hawan jini kada a tilasta musu, akwai wurin zama a ƙasa.

Sallah da abinci ku sa su cikin jadawali kamar yadda kuka sa kuɗin mai. Buta biyu, tabarma, jarkar ruwan alwala daban da ruwan sha. Tafiyar Cape Coast ta kai nisan ƙasaru, ta Bosomtwe ba ta kai ba, ku tambayi malaminku hukuncin haɗa azahar da la'asar kafin ranar don kada a tsaya gardama a bakin titi. A Cape Coast wajen Kotokuraba akwai Zango da masallaci. Abincin rana ku taho da shi daga gida, shinkafa da wake da shito da dafaffen ƙwai a kula, ƙosai da burodi na safe. A bakin teku kifi soyayye da dokunu ya wadatar, amma a gidajen abincin hanya ku tambayi naman da ke cikin miya, don alade da naman daji ba baƙi ba ne a can.

Sai duwatsu. Mafi kusa da mu Kwahu ne, awa biyu ko sama da haka a hanyar Ankara zuwa Nkawkaw, daga nan mota ta fara hawa tana lanƙwasa har Atibie da Mpraeso da Abetifi, kunnenka na toshewa iska na canjawa. A kan dutsen Odweanoma ake tashi da lema lokacin Ista tun 2005, amma lokacin cunkoso da shaye-shaye sun yi yawa, in da iyali kuke ku zaɓi wani satin. Abetifi na sama da mita 600, akwai sanyi da yamma, a riƙo rigar sanyi. Tsofaffin gine-ginen mishan na Basel suna nan, wani Bature ɗan mishan mai suna Ramseyer ne ya kafa tashar a 1876, shi ma ya yi shekaru a tsare a Kumasi kafin yaƙin Tonawa da Ingila na 1874. Lokaci na da muhimmanci sosai a tafiyar dutse, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rufe komai sai ka hau ka rasa abin gani, a tsakiyar damina kuma santsi, ni na fi son Nuwamba, ƙasa kore sama a buɗe. Takalmi kambas, ban da silifa, mata su sa wando a ƙarƙashin abaya, mai saurin tafiya a gaba tare da ɗan garin da ya san hanya, mai ƙarfi ɗaya a can baya kada a bar kowa. Wajen saukowa direba ya sa ƙaramin giya, in kun ji warin birki a tsaya ya huce. A magangarar ruwa kuma in hadari ya haɗu ko iska ta taso ku fito nan take, ba mu manta da Kintampo ba a 2017 da itace ya faɗo kan 'yan makaranta aka rasa rayuka, Allah ya kiyaye na gaba. Lambar gaggawa 112, kowa ya sa a waya, a bar sunayen matafiya da lambar mota wurin wani a gida.

Dutsen Afadjato da magangarar ruwan Wli suna can wajen Hohoe, daga Kumasi sai an ware kwana uku, kada ku haɗa su da Kwahu.

In guruf ɗin ya saba da juna, ku shirya Salaga. Nan ne kakanni ke zuwa fataucin goro daga Kano da Katsina, kuma yaƙin basasar 1892 ne ya watsa 'yan kasuwar zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da sauran zanguna. Wannan tafiyar ku tafi da dattijo ɗaya daga unguwa, ku biya masa kujera, in an kai rijiyoyin zamanin bayi da tsohuwar kasuwar a bar shi ya yi magana bayan jagora ya gama, a ɗauki muryarsa a waya. Hanya ita ce Ejura, Atebubu, Yeji, sai a sa mota a jirgin ruwa a ƙetare Volta zuwa Makango. Ku sa wani ɗan uwa a Zangon Yeji ya tambayo muku lokacin tashin jirgin ana gobe tafiya, ku kuma nemi masauki a Yeji ko da za ku rasa shi.