Yadda na rage zafi a motata mai lantarki

Motar lantarki daga batiri take ciyar da AC, shi ya sa idan na maƙale a go-sulo a gadar Third Mainland ta Legas da tsakar rana sai in ga caji yana zagwanyewa ina tsaye. Ledar tinti da na tarar manne a gilashin motar baƙa ce wuluk, amma zafi na ratsa ta, ga Google Maps na yawan ɓata hanya.

Wani mai tinti a Agege ya duba ya ce: "Alhaji, wannan mai ƙarfe ce a ciki, ita ke tare sigina." Ya ɓare ta da tururi a hankali saboda kada ya lalata siraran wayoyin da ke hana gilashin baya yin raɓa, ya sa ta seramik, wadda babu ƙarfe a cikinta. Ba ta da duhu sosai, amma tana tare hasken infrared, wato hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ke kawo kusan rabin zafin. Duhu ado ne kawai a ganina. Rufin motar na gilashi ma an yi masa, nan rana ta fi dukan kai. Wurin kyamarar gaba kuwa an bar shi fili.

Ban sauke gilashi ba sai da ledar ta bushe. Takardar izinin tinti ta 'yan sanda kuma a shafinsu na intanet mai suna POSSAP na nema.