Yadda za ka binciko tsohuwar waƙa ka san matsayin da ta taka a zamaninta

Musun ya faro ne a teburin mai shayi a Samaru wani daren Asabar. Wani yaro ya kunna Bob Marley a wayarsa, sai wani dattijo da muke zama da shi ya ajiye kofinsa ya ce ai a zamaninsu babu wanda ya kai mutumin nan, duk waƙar da ya saki sai ta zo ta ɗaya a Amurka. Ban ja da shi ba saboda girmansa, amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai, na zauna na duba. Waƙar Bob Marley da ta fi yin nisa yana raye a jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard, wato jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka duk mako, ita ce "Roots, Rock, Reggae" a 1976, kuma a lamba 51 ta tsaya. Ita kuwa "I Shot the Sheriff" da shi ya rubuta abarsa, sai da Eric Clapton ya maimaita ta a 1974 sannan ta zo ta ɗaya. Amma fa Baba bai yi ƙarya ba ta wani ɓangaren, don a nan Zariya daga Sabon Gari har ɗakunan ɗaliban ABU babu inda ba a jin muryar mutumin nan. Jadawalin Amurka abin da 'yan Amurka suka saya suka saurara a wannan makon yake nunawa, ba abin da mu muka so ba. Toh tun daga ranar nake wannan bin diddigin, ga kuma yadda nake yi ko wani zai amfana.

Farko ka samu sunan waƙar na gaskiya da shekarar da ta fito, don nan ne yawanci ake ɓata. Mu da muka taso da kaset mun san masu sayarwa su ke haɗa waƙoƙi da kansu su rubuta suna da biro a jikin kwali, wani lokaci amshin waƙar kawai za su rubuta, wani lokaci ma su jingina ta ga mawaƙin da ba shi ya yi ta ba. In kana da sautin, kunna shi kusa da wayar da ke da Shazam zai gaya maka. In karin ne kawai ya rage maka a ka, buɗe Google ka taɓa alamar makirfon ka zaɓi neman waƙa ka rera ta da hanci, sau da dama yana kamawa. Kada ka ɗauki ranar da aka ɗora ta a YouTube a matsayin shekararta, kuma kada ka dogara da shekarar da kai ka fara jin ta, waƙa takan yi shekara ɗaya ko biyu a can kafin kaset ɗinta ya iso mu. Shafin Discogs ne nake zuwa don wannan, akwai hoton faifan kansa da sunan kamfani da shekara.

Da ka samu suna sai tambaya ta gaba: jadawalin wace ƙasa? Na Amurka wato Hot 100 an fara shi ne a watan Agustan 1958, na Ingila ya girme shi, tun Nuwamban 1952. Na Ingila ya fi sauƙin bincike, ka shiga shafin Official Charts ka rubuta sunan mawaƙi, zai jero maka duk waƙoƙinsa da inda kowace ta kai da makonnin da ta yi, kyauta, datarka kawai za ka ƙona. Na Amurka kuwa ni na fi son in ga mujallar da idona, tsoffin fitowar Billboard suna nan a Google Books da kuma shafin World Radio History, shafi-shafi kamar kana riƙe da takardar. Wikipedia tana da amfani wajen nuna maka watan da za ka nufa, amma ka je ka tabbatar, kar ka tsaya a nan.

Kuma ko a ƙasa ɗaya jadawali ba ɗaya ba ne. Don Williams misali, wanda har yau in ka shiga motar wani tsohon malamin jami'a za ka iya jin sa yana tashi a hankali, in ka neme shi a Hot 100 sai ka ce ba kowa ba ne, "I Believe in You" ta 1980 ce ta fi nisa kuma a lamba 24 ta tsaya. Amma je ka jadawalin waƙoƙin kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka da yake yi, ka gani, sau 17 yana zuwa na ɗaya. Haka "7 Seconds" ta Youssou N'Dour da Neneh Cherry a 1994, a Faransa ta yi makonni 16 a sama, a Ingila ta kai ta 3, a Amurka kuwa da ƙyar ta shiga cikin ɗarin. Waƙa ɗaya ce fa. Saboda haka in wani ya ce maka waƙa kaza ta zo ta ɗaya, tambaye shi a ina, a wane jadawali.

Yanzu karatun lambobin, nan ne nake so ka nutsu. Abu uku za ka rubuta: ƙololuwar da ta kai, makonni nawa ta yi a wannan ƙololuwar, da jimillar makonnin da ta yi a cikin jadawalin gaba ɗaya, in da hali ka ƙara da matsayinta a lissafin ƙarshen shekara. "Billie Jean" ta Michael Jackson makonni 7 ta yi a lamba ɗaya a 1983. "I Will Always Love You" ta Whitney Houston ta yi 14 daga ƙarshen 1992 zuwa farkon 1993, kuma ita ma maimai ce, Dolly Parton ce mai ita tun 1974. Amma waƙar nan ta Celine Dion ta fim ɗin jirgin ruwa, "My Heart Will Go On", wadda a lokacin ko ina ka juya ita ce, makonni 2 kacal ta yi a saman Hot 100 a 1998. Wanda ya kalli lambar kawai zai ce ba ta kai sauran ba, alhali wanda ya rayu a lokacin ya san ba haka ba ne, kamfanin ne bai buga faifanta na ita kaɗai da yawa ba don a sayi albam ɗin.

Wannan ya kawo mu ga dokokin ƙidayar, su ma canzawa suke yi, shi ya sa ba na yarda a ɗauko lambar 1975 a gwada da ta 2023 kai tsaye. Kafin 1991 masu shagunan faifai da gidajen rediyo ne ke aika rahoton abin da ya fi tafiya, da bakinsu ko a takarda, sai a ƙarshen 1991 aka koma ƙirga ciniki da na'ura a Hot 100. Kafin Disamban 1998 in ba a saki waƙa a faifanta na ita kaɗai an kai kasuwa ba, ba za ta shiga Hot 100 ba ko da kuwa rediyo na saka ta dare da rana. A 2005 aka fara lissafa sayen waƙa ta intanet, a 2013 aka shigo da kallon YouTube. Kaga kenan lamba 3 da Rema ya kai da "Calm Down" tare da Selena Gomez a 2023 babban abu ne wallahi, amma ba da mudu ɗaya aka auna shi da Miriam Makeba ba, wadda "Pata Pata" ɗinta ta kai 12 a 1967 lokacin da sai mutum ya taka ya je shago ya ciro kuɗi. Kuma yaranmu da ke ganin Afirka ba ta taɓa leƙa saman jadawalin nan ba sai da Wizkid ya shiga "One Dance" ta Drake a 2016, a gaya musu Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya zo na ɗaya tun 1968 da "Grazing in the Grass", da ƙaho ya busa ta.

Masu son waƙoƙin Indiya ku ma ba a bar ku a baya ba. An yi shirin Binaca Geetmala da Ameen Sayani ya fara gabatarwa a Rediyon Silon, wato Sri Lanka ta yanzu, a 1952, yana jero waƙoƙin fim da suka fi tashe kuma duk ƙarshen shekara a fitar da gwanaye, jerin na shekara-shekara yana intanet. In innarka tana da wata waƙar Indiya da take rerawa tun zamanin zuwa silima, nan za ka duba.

Toh sai namu na gida, wanda shi ne ya fi ci min rai. Je ka nemi makonni nawa wata waƙar Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Barmani Coge ta yi tana tashe, babu inda aka rubuta. Najeriya sai a 2020 ta samu TurnTable, jadawalin da ke ƙirga saurare ta intanet da rediyo da talabijin duk mako, ana yabawa, amma mu nan Arewa waƙa ta fi yawo ta memori da bulutut da Xender da shagon masu turi, kuma wannan hanyar babu na'urar da ke ganin ta. Waƙa za ta cika Kwangila da Tudun Wada da kowane gidan biki ba tare da lambarta ta motsa a can ba. Saboda haka jadawalin namu yana kawunan mutane, kai za ka je ka tattaro shi.

Ga yadda nake yi. Na sayi littafi mai kauri, kowace shekara shafi biyu. Ina zuwa wajen tsoffin masu sayar da kaset a kasuwar Sabon Gari, waɗanda yanzu wasunsu sun koma sayar da caja da memori, in gaishe su in zauna, ba a tsaye ake wannan tambayar ba. Ba na cewa wace waƙa ce ta fi daɗi, don kowa zai faɗi tasa. Cewa nake, Alhaji wane kaset ne ya fi ƙarewa da wuri har sai kun sake aikawa Kano an kawo? Wannan ita ce ƙidayar ciniki. DJ na biki kuma tambayarsa ita ce wace waƙa ce in bai saka ba mata ba za su bar shi ya naɗe kaya ba. Sai tsoffin ma'aikatan rediyo da 'yan zaɓe, waɗanda suka san shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, su za su gaya maka waƙar da katunan gaisuwa suka fi nema. Kuma don Allah kar ka tsaya kan maza kawai, waƙoƙin amada da na kamu da na suna iyayenmu mata ne suka san lokacin da kowace ta shigo da lokacin da aka gaji da ita, Goggo ta ba ni abin da maza goma ba su ba ni ba.

Matsalar ita ce shekara, dattawa ba sa riƙe lamba amma suna riƙe abin da ya faru. Sai ka ɗaura tambayar a jikin wani abu: kafin a koma tuƙin dama ne ko bayan nan, wato 1972, lokacin ana fam da sule ne ko an shiga naira da kwabo, 1973, kafin a kashe Murtala a Fabrairun 1976 ko bayansa, canjin kuɗin Buhari na 1984, rasuwar Shata a Yunin 1999. Na kusa ma haka ne, ka ce wa kowa "Jaruma" ta Hamisu Breaker zai ce maka lokacin kullen korona, 2020 kenan. Ba na rubuta abu da biro sai mutum uku da ba zama ɗaya suke ba sun faɗi iri ɗaya, in biyu ne ko ɗaya da fensir nake rubutawa in sa sunan unguwar da na ji. Waƙoƙin fim daga 1999 zuwa sama akwai sauƙi, tsoffin fitowar mujallar Fim za su taimaka maka da lokacin da fim ya shiga kasuwa, in kuma kana da hanyar shiga laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ka tambayi tsoffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, tallan wasa da na sabon faifai yakan ba ka wata da shekara.

In aka ba ka aron kaset ka riƙe amana. Kar ka bar shi a mota cikin rana, kar ka cusa shi a rikodar da ba ka gwada da wani kaset marar amfani ba don in ta tauna zaren shikenan, ka fara juya shi da biro a hankali ka ga ko ya manne. Wayar odiyo daga rikoda zuwa kwamfuta da manhajar Audacity wadda kyauta ce sun isa ka kwashe sautin, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya, ka mayar wa mai shi kayansa a ranar da ka ce. In za ka ɗauki muryar dattijo a waya ka nemi izininsa tukuna.

Asabar ɗin da ta biyo baya na koma wajen mai shayin, na bari sai da mutane suka ragu sannan na matsa na ce Baba na duba zancen nan fa, na nuna masa lamba 51 ɗin a waya. Ya kalla ya daɗe, ya ce to su can suka sani. Daga nan ya fara lissafo min waƙoƙin da ake sakawa a Sabon Gari shekarar da Shagari ya hau mulki, na ciro littafi na buɗe shafin 1979 ina rubutawa da fensir, har mai shayi ya fara kife kofuna. Ya ce akwai wani akwatin kaset a ƙarƙashin gadonsa a Tudun Wada, in zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in taho da rikodata don tasa ta daina ja.